Gashin da Daso Ta Yanka a Ƙeyata

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da na faɗa da abin da na haɗiye. Ƴaƴana, wannan babin ba don daɗinsa nake ba ku shi ba. Ranar sunan ɗiyar ɗana Mamman ina kwance a ɗaki, gwiwoyina sun kumbura kamar yadda suka saba in damina ta gabato, sai na ji ɗayarku a tsakar gida tana gaya wa baƙi wai wata Bafillatana ce ta yi wa Inna sammu tun shekarar babban fari, shi ya sa har yau ba ta da lafiya. Na ji baƙin suna salati. Ba zan kama sunan mai maganar ba, ta san kanta, kuma ba yau bakinta ya fara riga hankalinta fita ba. Amma ba laifinta ba ne, abin da ta tashi ta ji a gidan nan ke nan. To ku buɗe kunne, tunda ni ce mai ciwon.

Sunan matar Daso. Rugarsu tana arewa da ƙauyenmu, can wajen Gidan Sori, in ka fita da sassafe ka isa kafin hantsi. Tun ina amarya muka ƙulla ƙawance, irin na da, wanda ake raba goro mutane su shaida. Tana kawo nono ina auna mata hatsi, kuma ita ke yi mini kitso, don ban taɓa ganin hannu mai laushi a kai kamar nata ba. Hausarta a karkace take, ina yi mata dariya, ita kuma ta rama da cewa mu Haɓe in muna tafiya sai ka ce turmi muka ɗauko. Haka muke shekara da shekaru, har ruwa ya ɗauke mana damina biyu a jere. Hatsi ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Rumbuna suka zama wurin kwanan ɓeraye. Muka koma cin ƴaƴan daji, muna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, mata suna tonon gidan tururuwa neman ƙwayar hatsi, maza suna bin layin jar dawar taimako a Tibiri su dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Fulani kuwa abin nasu ya fi namu muni. Saniya ta kwanta, a taru a ɗaga ta da wutsiya da itace, gobe a iske ta ta miƙe ƙafafu. Har jinkar ɗakuna aka tsige aka ba dabbobi. Tafkuna duk sun tsage, kuma a duk kewayen nan rijiyar garinmu ce kaɗai ba ta ƙafe ba. Mutanen gari su ja da safe, su Daso su shayar da rana tsaka. Da wannan rijiya suke raye, su da ɗan abin da ya rage musu na shanu.

Ana cikin haka wata rana Daso ta yi sallama, tana jaye da wata jar karsana, haƙarƙarinta duk a waje. A bayanta tana goye da ɗiyarta Hassi, wadda ko zama ba ta fara ba.

"Ƙawa, na ɗaura miki wannan," in ji ta. "Habbanaye ce. A wurinmu mutuwa za ta yi, ke kina da ɗan ƙasari da dusa."

Habbanaye al'adarsu ce. A ba ka saniya ka riƙe, ta haihu a hannunka, ƴaƴan su zama naka, uwar ta koma wa mai ita. Ba kowa suke yi wa ba, balle Bahaushiya. Na yi murna har da hawaye. Amma kakarku, uwar babanku, wadda nake kira Iya, tana zaune bakin ɗakinta tana kallo, ko sannu ba ta ce ba. Sai da Daso ta fita ta taɓe baki.

"A shekarar da uwa ke ɓoye wa ɗanta loma, wata ta kawo miki saniya kyauta? To, Allah Shi sa alheri ne."

Saboda ɓarayi, a kusurwar ɗakina na ɗaure karsanar, kusa da tabarmata. Ba a yi mako uku ba zazzaɓi ya kayar da ni. Ni da na san masassara tun ina yarinya, na san wannan ba ita ba ce. Ya kama ni kwana uku ko huɗu, haƙora suna haɗuwa, wuya ya sanƙare, kai kamar ana sara, sannan ya sake ni in tashi har in yi daka. In na fara cewa alhamdu lillahi, bayan mako ɗaya sai ga shi ya dawo. Ciwon gaɓoɓi kuma yawo yake yi, yau gwiwar dama, gobe wuyan hannun hagu, jibi kafaɗa. Babanku ya ɗora ni a jaki ya kai ni likita. Anfirmiyen, wato ma'aikacin jinyar da ke wurin, ko taɓa ni bai yi ba, daga nesa ya ce masassara ce, ya ba ni kinin. Na sha har kunnuwana suka toshe, ciwo ya tafi ya dawo a kan lokacinsa. Da muka koma sai mutumin nan ya daka mini tsawa wai ba na shan maganin, ƙarƙashin tabarma nake zubawa. Ni kuma na tafi ina zargin na kirkin yake ɓoyewa ya ba mu alli, kuma wallahi har yau zuciyata ba ta wanke shi ba. Liman ya yi rubutu na sha. Wanzami ya kafa mini ƙaho a baya har jini baƙi ya fita. Aka yi mini surace da tazargade da ganyen dogon yaro, aka dafa sassaƙen maɗaci na ɗaɗɗaka ina yamutsa fuska. Kowane magani sai ya yi kamar ya yi aiki, don ciwon da ma yana tafiya da kansa, sannan ya dawo ya ƙaryata mai maganin.

Wata rana da la'asar, a tsakanin zazzaɓi biyu, Daso ta zo ta ga kaina ya cukurkuɗe, ta ce kai, ba za ta bar ni haka ba. Ta zaunar da ni a inuwar ɗaki ta fara tsifa. Iya tana can gefe tana tsince anza. Da Daso ta kai ƙeya sai na ji hannunta ya tsaya.

"Kar ki motsa," in ji ta.

Ta zaro ƴar wuƙarta, na ji ta yanki gashi, na ji ɗan tsunkuli. Sannan ta sunkuyo kusa da kunnena ta yi magana a hankali, kuma ga abin da ta ce, ban rage ba ban ƙara ba:

"Kaska ce, ƙawa. Ta nutse cikin gashi, ta ƙoshi, wurin ya yi zobe. Ban san irin wannan ba. Zan kai wa Bappa ya gani."

Bappa surukinta ne, tsoho, shi ne masanin ciwon shanu a rugarsu. Ta ƙulle abin da ta yanka a gefen zanenta, ta ƙarasa kitson ta tafi. Ni ban ga kaskar ba, a bayan kaina take, kuma jikina bai da ƙarfin tambaya. Ƙafar Daso ba ta gama fita zaure ba Iya ta taso.

"Mi ta yanka a kanki?"

Na ce kaska ce ta cire mini.

"Kaska? Ke kin gan ta da idonki? Wa kaska ba ta ciza ba a garin ga? Kin taɓa ganin wanda ya ƙulle kaska a zane kamar goro? Gashinki ta ɗauka, Sa'a. Ke dai ba ki da wayo."

Na ce haba Iya, Daso ce fa. Amma maganar ta shige ni ta zauna. Bayan kwana biyar zazzaɓin ya dawo fiye da kowane lokaci, kuma da ya sake ni sai na tashi bakina ya karkace gefe ɗaya, idon hagu ba ya rufuwa, ruwa in na sha ya zubo ta gefen leɓe. Mata suka cika gidan suna kallona suna kallon juna. Iya ta sa aka kai ni wurin wani mai duba a bayan Tibiri. Ta riga ni shiga, ta daɗe tana gaisawa da matarsa, kuma yanzu da na tsufa na san gaisuwar da ta yi tsawo haka ba gaisuwa kaɗai ba ce. Mutumin ya baje yashi, ya yi zane ya shafe, ya ɗago kai.

"An ɗauki wani abu a jikinki?"

Kafin in buɗe karkataccen bakina Iya ta amsa mini. Ya gyaɗa kai, ya ce doguwar mace ce, fara, mai shiga gidanmu da ƙwarya a kai. Ya ce abin an ɗaura shi da ruwa, kuma muddin ni da ita muna shan rijiya ɗaya, ba ni ba lafiya.

Daga ranar na zama wata iri. Duk alherin da Daso ta taɓa yi mini sai na juya shi na ga bayansa. Karsanar nan, don me sai a ɗakina? Na manta ni na ɗaure ta can da hannuna. Nonon da take ba ni ba awo, me ke ciki? Kallon da take yi mini in ina dariya fa? Ko motsin karsanar na ji sai gabana ya faɗi. Ana haka ta zo da wasu saiwoyi a ƙulle cikin tsumma, Iya ta tare ta a bakin zaure. Ina ɗaki ina jin ta tana cewa Bappa ya ce a fitar da karsanar waje, a ƙone tabarmar, a yi wa ɗakin hayaƙi, a dafa wannan in sha. Iya ta karɓi ƙullin ta wurga bayan danga.

"Ƙawa!" Daso ta ɗaga murya. "Ƙawa, kina jina?"

Ina jin ta sarai. Na ja zane na rufe kaina.

Magana ta bazu, samarin gari suka fara zuwa bakin rijiya da sanduna. Maigari ya ji tsoron a zubar da jini jandarma su shigo masa gari, sai ya tara mu a ƙofar gidansa da hantsi, mu da ardon su Daso da dattawansu. Aka zaunar da ni a tabarma na rufe rabin fuskata. Daso ta tsaya da Hassi a bayanta, ta faɗi yadda aka yi da karkatacciyar Hausarta, wasu har suna dariya. Maigari ya ce ina kaskar. Ta ce Bappa ya gani sun jefa a wuta. Ya ce ina gashin. Ta ce tare suka ƙone, ai ba a yar da gashin mutum a ƙasa. Aka yi guna-guni. Ardo ya ce a ji tsoron Allah, rijiya mafi kusa bayan wannan tafiyar kwanaki ce, kuma shanunsu ba za su kai ba, balle mata masu goyo. Maigari mutum ne mai son gaskiya, Allah Ya jiƙansa, ya juyo gare ni.

"Sa'a, ke muke saurare. Da ta yanki gashin, ta gaya miki kaska ce ta cire?"

Na san in na ce e, magana ta mutu, kowa ya koma gidansa, su ci gaba da shan rijiyar, ni kuma in zauna da karkataccen baki har kabari. Haka na gani a lokacin. Ina jin idon Iya a gefen fuskata. Tsoro ne da son rai, ba wani abu ba, kuma ba wanda ya matse mini wuya.

"Ba ta ce mini komai ba," in ji ni.

Daso ba ta yi kururuwa ba, ba ta rantse ba. Ta dube ni kawai, ta kwance goyonta ta gyara ta sake ɗaurewa. Maigari ya ba su kwana uku su tashi, ya ce daga nan gugarsu ba ta ƙara shiga rijiyarmu. A rana ta uku suka kama hanyar gabas.

Kun ga dai ban warke ba. Bakin ya miƙe da kansa bayan wata biyu, Iya ta ce kun gani, amma zazzaɓin ya ci gaba da zuwa yana komawa, sai ta ce ai sammun ya riga ya kama jijiya. Karsanar aka kira mahauci ya yanka, wai da abu a jikinta, kuma Iya da ta faɗi haka ita ta cinye hantar. Ruwa ya dawo, rumbuna suka cika, na haife ku ɗaya bayan ɗaya, ciwo yana nan. Gajiya irin wadda barci ba ya maganinta, mantuwa, gaɓoɓi masu kumburi su saɓe. Babu inda babanku bai kai ni ba. Mun tsallaka iyaka an yi mini allurai har mazaunaina suka yi tauri. Ƴan bori sun ce sai an girka ni, na ƙi. Wani mai maganin gargajiya a kasuwar Cadakori ya rantse kwalba ɗaya za ta tumɓuke shi, ta tumɓuke mini hanji kwana biyu, ciwo ko gezau. Wasu dangin babanku kuwa cewa suke lalaci ne, tunda ga ni da ƙiba. Na zama ba na yarda da kowa, mai farar riga da mai allo da mai saiwa duk kallo ɗaya nake yi musu.

Sai bayan Iya ta rasu, Mamman ya fara gemu, aka kai ni wurin wani tsohon lokotoro, babban likita, a Maraɗi. Shi ya fara zama ya saurare ni tun daga farko. Da na ce zazzaɓin tafiya yake ya dawo, ciwon yana yawo, baki ya taɓa karkacewa, sai ya ajiye alƙalaminsa. Ya ce shi ɗan makiyaya ne, ya tambaye ni ko na taɓa kwana ɗaki ɗaya da dabba, ko kaska ta taɓa daɗewa a jikina, ko wurin ya yi zobe. Na ce masa e, wallahi duka ukun an yi. Ya ce akwai kaskar da ke zuba wa mutum cuta a jini, kuma da an gane da wuri da abin bai kai haka ba. Ya ba ni ƙwayoyi na sha makonni, zazzaɓin ya tafi bai ƙara dawowa ba. Gaɓoɓin da gajiyar kuwa sun zauna. Wani ƙaramin lokotoro daga baya ya duba jinina ya ce bai ga komai ba, sanyin ƙashi ne da shekaru, kada in yarda da labarin kaska. To ga masu farar riga biyu, kowa da tasa, ku zaɓa. Ni dai na san wace ce ta fara faɗin zobe, kuma ba ta taɓa shiga lakol ta yi boko ba. Yau abin da nake yi kun sani, man shanu da citta a gwiwa, yashi mai ɗumi, ƙwaya in abin ya yi tsanani, kuma duk wanda ya ce zai raba ni da shi kwata-kwata ku ba shi ruwa ya sha ya kama gabansa.

Na yi shekara biyu ina cigiya wurin dillalan shanu kafin wani ya ce ya san rugar su Daso, tsakanin Agiye da Gazawa. Na ce da babanku zan je neman magani. Na shiga mota, na sauka na hau amalanken jaki, na isa rana ta take tsaka. Na iske ta a inuwar bukka tana kaɗa nono a ƴar ƙaramar buta, ta tsufa ta rame, kitsonta ya yi fari. Tun daga nesa ta gane ni.

"Sa'a," in ji ta. Ba ta ce ƙawa ba.

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, ta tambayi gida da yara ɗaya bayan ɗaya kamar jiya muka rabu. Ni kuwa na ajiye ruwan. Na durƙusa a kan gwiwoyin nan nawa masu ciwo na ce, Daso, ranar nan a ƙofar maigari ƙarya na yi, kin gaya mini kaska ce, na ji ki da kunnena.

"Na sani," in ji ta. "Ai ina wurin."

Don in sami abin kamawa sai na waiga ina duban matan rugar, na ce ina Hassi, halan tana ɗakin miji, ƴaƴanta nawa?

Ta ci gaba da kaɗa nononta.

"Hassi tana hanya. Kwana biyu daga rijiyarku, gindin wata aduwa. Ruwan salka ya ƙare, nonona ya ƙafe. Bappa ma can muka bar shi, gaba kaɗan."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar mutuwar uwata. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma taya ni ba. Da na sami numfashi na ce ta yafe mini don Allah, don Annabi.

"Nawa na yafe tun da daɗewa, ciwo ne ya ruɗe ki. Bappa tsoho ne, ya ci zamaninsa, na san shi, ba ya riƙo." Ta ajiye butar ta dube ni. "Na Hassi kuwa ba a hannuna yake ba. In kun haɗu sai ki tambaye ta."

Na dawo gida na ce da babanku ban sami maganin ba. Ya rasu bai san wannan ba, ku ne na farko da na gaya wa. Daso ma na ji ta riga ni. Saboda haka kada in ƙara jin sunanta da sammu a baki ɗaya, ko ina raye ko ba na raye. Ni kuwa haɗuwar da ta faɗa ta matso, ina jin ta a jikina, kuma har yau ban san abin da zan ce wa yarinyar nan ba.